Yadda Ake Duba Wagon 'Yar Turai Ta Hannu Kafin Saye, Da Lissafin Kuɗin Riƙe Ta

Mai iyali da yawa, ko ɗan kasuwar da yake jigilar kaya tsakanin gari da ƙauye, ba kasafai yake samun motar da ta fi wagon 'yar Turai biya masa buƙata a kan kuɗi mai sauƙi ba. Tana da faɗin baya, tana zama daram a kan titi idan ana gudu, kuma kujerunta ba sa gajiyar da mutum a doguwar tafiya. Sai dai kuɗin da aka miƙa wa dillali ba shi ne farashin motar ba. Farashinta na gaskiya shi ne wannan kuɗin haɗe da abin da za a kashe mata a watannin farko, kuma ana iya gano yawan wannan kashi na biyun tun kafin a biya, matuƙar an san inda za a duba.

Zan gina bayanin a kan Peugeot 406 wagon, domin ita na fi sabawa da ita, kuma ita aka fi samun makanikanta da kayanta a Arewa. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa Peugeot tun 1975, ya kuma haɗa 406 ɗin kanta ƙirar salun na tsawon shekaru, shi ya sa hannun makanikanmu ya faɗa da ita. A Faransa an ƙera 406 daga 1995 zuwa 2004, wagon ɗinta ta fito a 1996, aka yi wa ƙirar gyaran fuska a 1999. Ke nan duk wagon ɗin 406 da ka gani a kasuwa yau ta haura shekara 20 a duniya. Inda Passat da Golf na Volkswagen, ko Mercedes, ko Volvo suka sha bamban da ita, zan faɗa a wurinsa.

Kayan da za ka tanada

Ba a zuwa duba mota hannu rabbana. Ka tafi da tocila mai ƙarfin haske, da farin tsumma, da ƙaramin maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle don kada ya karce fenti, da jak mai kyau, da kwali ko tsohuwar tabarma da za ka kwanta a kai, da littafi da biro. Ka ari mitar awon wuta a wurin rewaya idan ba ka da taka. Abu mafi tsada a cikin kayan shi ne na'urar da ake jonawa da kwamfutar mota, kuma ba sai ka saya ba, ana biyan mai ita ya zo ya jona. Ƙananan na'urorin nan masu araha matsalar inji kaɗai suke karantawa. Wadda take shiga giya da birki da sauran sassan Peugeot ita ce Lexia ko Diagbox, ta Volkswagen kuwa VCDS.

Sannan ka tafi da makanikenka, wanda kai za ka biya shi ladan yininsa ko an saya ko ba a saya ba. Makaniken da mai mota ya kawo, ko wanda yake sa ran la'ada idan ciniki ya faɗa, da wuya ya ga aibu. Idan babu ramin gareji a kusa, wajen wankin mota mai rami ya wadatar. Ka sa lokaci da safe, ka kuma roƙi mai motar kada a tayar da ita kafin ka iso, domin yawancin cututtukan inji a sanyaye suke bayyana, da zarar ya ɗumama sai su ɓuya.

Mataki na 1: Takardu kafin ƙarfe

Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Ka karanta ta a jikin motar da idonka, ka gwada da wadda ke cikin takardun kwastam, ɗaya bayan ɗaya. Idan wurin lambar yana da alamar walda ko sabon fenti, ka rufe littafinka ka koma gida. A farkon 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, saboda haka motar da aka ce maka 'yar Kwatano ce tana buƙatar ka kai takardunta ofishin kwastam a tantance kafin ka biya ko sisi. Idan kuwa motar ta riga ta yi aiki a gida, ka nemi shaidar mallaka da lasisi, ka tabbatar sunan da ke jikinsu na mai sayarwar ne, ko akwai yarjejeniyar da ta nuna yadda ta zo hannunsa.

Ka lura da motocin Ingila da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma juyin da ake yi a gareji yakan bar walda a sandar sitiyari da bututun birki. Agogon gudu mai manyan lambobin mil, da waifa masu kwanciya ta ɓangaren da ba a saba ba, su ne suke tona asirinta. Irin wannan ba na ba kowa shawarar ya sa iyalinsa a ciki.

Mataki na 2: Jiki, ƙasa da baya

A Turai ana zuba gishiri a kan titi lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, kuma gishirin nan yana cin ƙarfe daga ƙasa zuwa sama. Mota tana iya sheƙi a sama alhali ƙasanta ya rube. Ka shiga rami da tocila, ka duba dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, da wuraren da ake kafa jak, da cikin kaskon tayoyi, da bututun birki. Tsatsar da ta tsaya a fuska ba damuwa ba ce. Wadda ka danna da sukudireba ta lotsa ko ta ɓarke, ita ce matsala. Jikin 406 yana da juriya a wannan fanni, amma Golf 3 da Mercedes ƙirar W210 sun yi suna wajen tsatsa, kuma a ita W210 har mazaunin sifirin gaba yakan rube ya ɓalle.

Ka bi jikin da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, fila aka cika bayan haɗari. Tazarar da ke tsakanin ƙofofi da bonet ya kamata ta zama daidai a hagu da dama.

Wagon tana da nata wuraren na musamman. Ka buɗe ƙofar baya ka sake ta: idan ta sauko da kanta, sandunan da ke riƙe ta sun mutu, wanda ƙaramin kuɗi ne. Wayoyin da suke bi ta cikin robar da ke tsakanin rufi da ƙofar suna karyewa saboda yawan buɗewa da rufewa, sai waifar baya ko fitilar lamba ko makullin but ya daina aiki. Ka ɗaga shimfiɗar but ka shafa, idan da danshi ko warin ruma, ruwa yana shiga. Daga nan ka ja baya ka kalli tsayuwar motar daga gefe. Wagon ɗin da ta sha lodi bayanta yakan zauna, tayoyin baya su buɗe ƙafa. A Mercedes wagon zaman bayan ya fi tsada, domin W124 da W210 suna da tsarin mai da yake daidaita tsayin baya, W211 kuma jakar iska gare ta, kuma gyaran kowannensu ya ninka sauya shokazoba na yau da kullum.

Mataki na 3: Inji a sanyaye

Ka ɗora hannu a kan injin tukuna. Idan da ɗumi, an riga ka, sai ka jira ko ka dawo washegari. Ka zaro sandar awon baƙin mai ka goga a farin tsumma. Mai baƙi ba laifi ba ne a tsohon inji, amma mai kauri ƙwarai mai danƙo yana nuna an zuba shi ne don ya danne ƙara. Ka buɗe murfin zuba mai ka leƙa ƙasansa: farin kumfa mai yauƙi alama ce ta ruwa yana haɗuwa da mai, wato gaskit ya ƙone ko kan injin ya tsage. Baƙin daskararren datti a ciki kuwa yana nufin ana jinkirin juye. Wannan daskarar ita ce babbar cutar Passat mai inji 1.8T, domin tana toshe rariyar da famfo yake zuƙo mai, sai turbo da inji su yi aiki a bushe.

Ka sa wani ya tayar, kai kuma ka tsaya a bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi mai ne yake ƙonewa, ko daga rin ko daga robobin bawul. Baƙi fetur ne ya yi yawa, kuma sau da yawa sensa ko nozul ne, gyaransa da sauƙi. Farin tururi na ɗan lokaci da sanyin safiya ba komai ba ne, amma farin da ya ci gaba bayan inji ya yi zafi ruwa ne. Fitilar mai ya kamata ta mutu cikin daƙiƙa biyu ko uku. Ƙarar ƙas-ƙas ta sama da ta ɗauke bayan ɗan lokaci ana iya zama da ita, amma bugu mai nauyi daga ƙasa wanda yake ƙaruwa idan an taka totur, inji ne yake bankwana.

406 na farko suna ɗauke da injin XU, na baya kuma EW, wanda ya fi sauƙin shan mai amma ya fi son kulawa. A EW robar murfin sama takan yi yoyo, mai ya taru a ramin filogi ya kashe kwayil, sai mota ta riƙa rawa a tsaye. Mai Volvo V70 a gabansa ya ɗaura safar hannu ta roba a bakin wurin zuba mai inji yana aiki. Idan ta kumbura, hanyar numfashin injin ta toshe, kuma nan gaba za ta tura mai ta kowace kafa. Game da masu shan gas irin HDi, injina ne masu ƙarko, sai dai famfonsu da nozul ɗinsu ba sa jure gurɓataccen mai, kuma masu gyaransu kaɗan ne. Wanda wannan ce motarsa ta farko ya tsaya a kan fetur.

Mataki na 4: Ruwa da zafi

A nan zan daɗe, domin yawancin injinan Turai da na ga sun mutu a hannun mutanenmu zafi ne ya kashe su, kuma akasari da taimakon gyaran da aka yi da niyyar kare su.

Abubuwa uku ake yi wa motar da ta sauka daga jirgi: a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga kunna makulli, a zubar da ruwan kulan a cika da ruwan famfo. Hujjar ita ce wai an yi motar ne don ƙasar sanyi. Amma an tsara injin ya yi aiki ne a wajen digiri 90 ko a Faransa ko a Sakkwato, kuma tamostat ne yake kai shi nan ya riƙe shi. Idan an cire, kwamfuta takan ɗauka inji bai ɗumama ba, sai ta ci gaba da ƙara fetur; shan mai ya ƙaru, filogi su yi baƙi, fetur ya wanke man da ke bangon silinda. Fankar da take juyawa ba hutu tana mutuwa da wuri, kuma takan mutu ne a cunkoso da tsakar rana. Ruwan famfo kuwa yana haifar da tsatsa da farin gishiri a cikin lagireto, yana cin famfon ruwa, yana kuma tafasa da wuri fiye da kulan.

Ga yadda za ka duba. Tun inji yana sanyi ka buɗe murfin tankin ruwa ka ga launinsa. Kore ko shuɗi ko ruwan hoda mai tsabta alama ce mai kyau, ja-ja mai laka kuwa tsatsa ce. Ka bar murfin a buɗe, a tayar, ka zuba ido na minti biyu: kumfar da take ɓulɓulowa ba tsayawa iskar silinda ce take shigowa ta gaskit. Ka rufe, ka bar motar tana aiki a tsaye har allurar zafi ta kai tsakiya. A lafiyayyiyar mota allurar takan tsaya a wajen 90, idan ta ɗan haura fanka ta tashi da kanta, ta sauko da ita, ta mutu. Idan fanka ta tashi tun farko ba tare da an kunna AC ba, an yi mata haɗin kai tsaye, kuma abin tambaya shi ne wace matsala aka rufe da wannan haɗin. Kada ka kuskura ka buɗe murfin ruwa inji yana da zafi. Ruwan yana fitowa da ƙarfin da zai sale fuska.

Ka matsa manyan tiyo na roba, wanda ya yi laushi ainun ko ya kumbura ya gama aiki. Ka shafa kafet ɗin gaba, domin ƙaramin lagireton hita da ke cikin dashbod yakan yi yoyo. Idan kuɗin cire dashbod ya yi maka yawa, ana iya haɗe tiyo biyun da ke shiga hitar daga cikin bonet a tsallake ta, abin da za ka rasa kawai ɗumi ne lokacin hunturu. Wani kuskuren da ake yawan yi a Peugeot shi ne cika ruwa ba tare da an kwance ƙananan sukurorin fitar da iska ba. Iskar da ta maƙale tana sa inji zafi ko da komai sabo ne. A Volkswagen kuma, famfon ruwa mai fiffiken roba yakan saki daga sandarsa, sai mota ta yi zafi a kan gudu alhali babu yoyo ko ɗigo.

Mataki na 5: Taimin bel

406 da Passat da Golf da Volvo V70 galibi bel ɗin roba ne yake haɗa juyin sama da na ƙasa a injinsu. A injina irin EW10 mai bawul 16 da 1.8T mai bawul 20, idan ya tsinke fistin yakan daki bawul ya lanƙwasa su nan take. Ba a gane shekarun bel da ido, kuma maganar dillali cewa an sauya ba hujja ba ce sai da rasit. Ka ɗauka ba a sauya ba, ka sa kuɗinsa a lissafi. A sauya shi tare da tenshona da fuli da famfon ruwa a zama ɗaya, domin sabon bel a kan tsohuwar tenshona asarar kuɗi ce. A zafi da ƙurarmu, ni ba na wuce kilomita 60,000 ko shekara 4. A Passat ƙirar B5 ladan aikin ya fi yawa, saboda injin a tsaye yake daga gaba zuwa baya, sai an zaro gaban motar kafin hannu ya kai.

Mataki na 6: Giya

Idan akwai zaɓi, ɗauki mai giyar hannu. Gwajinta mai sauƙi ne: ka ja birkin hannu, ka sa giya ta 3, ka saki kuloci a hankali. Idan mota ta mutu, kuloci yana da rai. Idan inji ya ci gaba da aiki, yana zamewa.

Da yawa daga cikin 406 masu sauya giya da kansu suna ɗauke da AL4, mai giya 4, wadda Peugeot da Renault suka yi tarayya a kanta. Cutarta sananniya ce: bawulolin lantarki masu daidaita ƙarfin mai suna gajiya, sai mota ta yi wani bugu ta maƙale a giya ta 3, fitila ta kama ƙiftawa a dashbod. Idan an kashe an sake tayarwa sai ta saki, shi ya sa gajeren zagaye ba ya nuna ta. Kuskuren da ake yi shi ne sayo wata giyar gaba ɗaya, alhali sau da yawa sauya bawulolin da zuba man da ya dace ya isa. AL4 ba ta da sandar awo, ana daidaita manta ne ta ƙasa a wani ma'aunin zafi, kuma ba kowane jan mai take karɓa ba.

Mataki na 7: Ƙafafu da tayoyi

Ka ɗaga kowace taya da jak, ka kama ta sama da ƙasa ka girgiza, sannan hagu da dama. Motsin sama da ƙasa boljoyin ne ko boris, na gefe kuma tairod. Ka duba robobin shaf, wadda ta yage ta watsa giris za ta jawo ƙarar ƙas-ƙas a kwana. A 406 abin da ya fi saurin lalacewa ƙananan sandunan linkej ne da bushin, kuma suna da araha. Passat B5 tana da hannaye 4 a kowace ƙafar gaba, 8 ke nan, kowanne da boljoyin ɗinsa a manne. Daɗin tafiyarta daga nan yake, tsadarta ma daga nan take, kuma na jabu ba sa jure ramukan titunanmu.

A gefen kowace taya akwai lambobi 4 da ke nuna mako da shekarar ƙira, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Motocin Beljiyam sukan zo da tsofaffin tayoyi, wasu ma na hunturu masu hoton ƙanƙara a gefe, waɗanda robarsu ba ta jure kwaltar watan Afrilu.

Mataki na 8: Wuta da kwamfuta

Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilar inji, da ta ABS, da ta jakar iska, da ta mai, da ta caji, dole kowacce ta kama, sannan ta mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, cire ƙwanta aka yi ko aka liƙe ta. Batir a kashe ya nuna wajen 12.5 a mita, inji yana aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. In babu mita, ka kunna manyan fitilu ka taka totur, haskensu ya ɗan ƙaru. Kada ka yarda a cire kan batir inji yana aiki da sunan gwada caji, domin wannan yana ƙona kwamfuta.

406 na baya suna da akwatin BSI wanda yake sarrafa fitilu, waifa, makullai da tsaron makulli. Ba ya son raunin batir, ba ya son danshi, ba ya kuma son rewaya mai yanke waya ya ɗaura. Kafin a cire batir a kashe komai a jira kamar minti 3. Ka nemi makulli 2 da katin lambar sirrinsu, domin yin sabon makulli ba tare da lambar ba yana da wahala da tsada. A Passat B5 ka ɗaga kafet ɗin ƙafar direba: magudanar da ke ƙarƙashin batir takan toshe da ganye, ruwan sama ya malalo ciki ya jiƙa akwatin da ke sarrafa gilasai da makullai. Ka gwada kowane gilas da kowane maɓalli, sannan a jona na'ura a karanta kafin a goge komai. A leƙa salansa kuma a ga ko abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi yana nan, domin ana yawan cire shi a sayar.

Mataki na 9: Gwajin hanya

Rabin awa ne mafi ƙaranci, da AC a kunne, rediyo a kashe. Ka bi hanya mai gargada don jin ƙafafu, ka hau babban titi ka kai gudun 100 don jin rawar sitiyari da kukan boris, ka taka birki da ƙarfi a wurin da babu kowa ka ga ko tana ja gefe, sannan ka shiga cunkoso kana kallon allurar zafi. Da kun dawo ka ajiye ta a busasshen wuri minti 10, ka leƙa abin da ya ɗiga. Lambar kilomitar da ke dashbod kada ta ruɗe ka, ana mayar da ita baya. Cinyewar robar feda da sitiyari da kujerar direba sun fi ta gaskiya.

Mataki na 10: Kuɗin gyaran farko

Ka rubuta duk abin da ka gani, ka ƙara da abubuwan da za a yi ko motar ta yi kyau: taimin bel da 'yan rakiyarsa, baƙin mai da matatarsa, matatar iska da ta fetur, filogi, tamostat da kulan, man birki DOT 4, da tayoyi idan sun tsufa. Kada ka yi ƙiyasi da ka. Ka ɗauki takardar ka je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko ka kira wani a Ladipo ta Legas, ka tambayi farashin ranar, domin tun da aka saki darajar naira a 2023 farashin kayan gyara ba ya zama wuri ɗaya.

Kayan iri uku ne, kuma kowanne da wurinsa. Bel, tamostat, famfon ruwa, takalmin birki da robobi a saye su sababbi na kamfani mai suna. Kik, altaneta, kwayil, shaf, fitilu da ƙofofi, na Beljiyam sun fi sabon jabu nesa ba kusa ba, amma ka karɓi sharaɗin mayarwa idan bai yi aiki ba. Sabo mai arahar da ta wuce hankali kada ya kusanci birki ko sitiyari. A ƙa'idata, mutum ya raba abin da ke hannunsa kashi 5, ya sayi mota da 4, ya ajiye 1 don wannan mataki. Idan Passat 1.8T ce ko Mercedes ko Volvo, ya ajiye kashi 1 cikin 4.

Mataki na 11: Lissafin shekara

Fetur ne kan gaba, musamman tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. Ka cika tanki har famfo ya tsaya, ka mayar da ƙaramin agogon tafiya sifiri, ka yi harkokinka, ka sake cikawa, ka raba litocin da kilomitar da ka yi sannan ka ninka da 100. Tankin 406 lita 70 yake ci. A abin da na saba gani, lafiyayyiya mai inji 2.0 takan sha lita 8 zuwa 9 a kilomita 100 a babbar hanya, 11 zuwa 13 a cikin gari da AC. A matsayin misali, wanda yake yin kilomita 1,500 a wata a kan lita 10 yana buƙatar lita 150, wato 1,800 a shekara, sai ya ninka da farashin gidan man unguwarsu.

Mai irin wannan tafiya zai yi juyen baƙin mai kusan sau 4 a shekara idan yana yi duk kilomita 5,000, da matatar iska sabuwa bayan ƙurar hunturu. Tayoyi, batir, taimin bel, kuloci da shokazoba ba kowace shekara ake sayensu ba, amma ka raba kuɗin kowanne da shekarun da yake yi ka riƙa warewa, don kada su haɗu maka a wata ɗaya. Inshorar da doka ta wajabta wa motar gida ta koma naira 15,000 daga Janairun 2023, cikakkiyar inshora kuma ba ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba. Ka karɓe ta daga kamfani mai rajista, domin takardar bakin titi ba ta biyan kowa. Sai sabunta lasisi da takardar lafiyar mota, waɗanda kuɗinsu ya danganta da jiha. A ƙarshe ka ware kuɗin gyaran ba-zata, kwatankwacin fetur ɗin wata 2, ka kuma tuna da ranar sayarwa: 406 da Golf suna samun mai saye da wuri, Volvo da Passat mai giya da kanta sukan daɗe a hannu.

Mataki na 12: Ciniki

Ka nuna wa mai motar takardarka, ka rage jimillar gyaran da ba na yau da kullum ba daga farashin da ya faɗa. Bushin, kwayil, shokazoba, tayoyi da bawulolin AL4 duk abin ciniki ne. Amma takardu masu shakka, ruɓaɓɓen shasi, juyayyen sitiyari, da inji mai bugu ko mai haɗa ruwa da mai, babu ragin da zai sa su zama riba, ka bar su. Idan an daidaita, a rubuta yarjejeniya da lambar shasi da ta inji, da sa hannun shaidu 2, a biya ta banki don shaida ta zauna. Daga nan motar gareji za ta wuce kai tsaye, kuma kada a yi doguwar tafiya da ita sai an sauya taimin bel an mayar da tamostat.